Juyi nawa ne daidai a rawar wals, kuma ina ake fuskanta?

"Assalamu alaikum Anti. Ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Jidda. Wata huɗu ke nan ni da maigidana muna koyon rawar wals a falonmu, da bidiyo da wani littafi da ƙawata ta kawo mini daga Landan. Littafin ya ce a taku uku na farko na juyin dama ana juya uku bisa takwas, amma malamin bidiyon wani lokaci ba ya kai haka, wani lokaci kuma ya zarce. Mu kuma duk sanda muka bi littafin sai mu ƙare a jikin kabad. Maigida ya ce ni ce ba na juyawa sosai, ni kuma na ce shi ne yake wuce gona da iri. Wanne ne daidai, littafin ko bidiyon? Kuma mece ce wannan fuskantar bango a karkace da ake ta faɗa, alhali falon bango huɗu gare shi?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Tambayarki biyu ce a haɗe: nawa ake juyawa, da kuma ina ake fuskanta idan an gama. Sai ta ukun da kika saƙa a ciki, wato wa ke da laifi tsakaninki da maigida, ita ma za mu taɓa ta. A taƙaice, littafin bai yi ƙarya ba, malamin bidiyon ma mai yiwuwa bai yi kuskure ba. Lissafin da ke littafin an rubuta shi ne don wanda yake tsakiyar dogon gefe na babban zaure, ke kuma falonki kusan duk kusurwa ne.

Tun ina ɗaliba a Ingila na koyi wannan rawa, yanzu kuma ina koyar da mata a wani wurin motsa jiki na mata a arewacin Jidda, inda kowace ɗaliba take koyon takun namiji da na mace duka, tunda mu kaɗai ne a ɗakin. Wannan ya sa na daɗe ina kallon matsalarku ta ɓangarorin biyu.

Bangon da ake nufi

A zauren rawa kowa yana zagayawa ne saɓanin tafiyar hannun agogo. Ki tuna yadda mota take bi a shataletale a nan Jidda: tsakiya tana hagun direba, gefen titi yana damansa. Haka abin yake. Hanyar da ake bi ɗin ita ake kira layin rawa. Idan namiji ya fuskanci layin, abin da ke damansa shi ne bango, abin da ke hagunsa shi ne tsakiya. Saboda haka bango a bakin masu rawa guda ɗaya ne a kowane lokaci, wato wanda kike bi ta gefensa yanzu. Da kin sha kwana, wancan ya tashi daga aiki, na gaba ya karɓi sunan.

An raba da'irar gida takwas, kowane gida digiri 45. Ni a aji tumuni nake cewa, kalmar da kowa ya sani daga rabon gado, don ta fi "ɗaya bisa takwas" saurin faɗa idan kiɗa na tafiya. Tumuni biyu rubu'i ke nan, tumuni huɗu rabi. Mu ɗauka layin rawa arewa ya nufa. Bango yana gabas, tsakiya tana yamma. Arewa maso gabas ita ce fuskantar bango a karkace, arewa maso yamma kuma fuskantar tsakiya a karkace. Sauran biyun, kudu maso gabas da kudu maso yamma, su ma karkatar bango da ta tsakiya ne amma masu komawa baya ga layin. Idan falonki tayil ne mai murabba'i, kin huta da awo: layin siminti tsakanin tayil shi ne miƙaƙƙen, daga kusurwar tayil zuwa kusurwar da ke kallonta shi ne karkatacce.

Wannan tsari Turawan Ingila ne suka tsara shi. A 1924 ƙungiyar malaman rawa ta ISTD ta kafa reshen wannan rawa, cikin waɗanda suka zauna har da Josephine Bradley da Victor Silvester, suka daidaita yadda za a riƙa koyar da taku. Alex Moore ya fitar da littafinsa a 1936, kuma jadawalin da kike gani yau, mai ginshiƙin wurin ƙafa da na fuskanta da na yawan juyi, daga wannan zuriya ya fito. Dalilinsu a fili yake: zaure ɗaya, ma'aurata da yawa, kowa na tafiya yana juyi. In ba a yarda da hanya ɗaya ba sai karo.

Da ƙafa ake awo

Abin da yawancin masu koyo daga littafi suke tsallakewa shi ne, yawan juyi ana auna shi ne tsakanin inda ƙafa ta nuna a wannan taku da inda ta nuna a na gaba. Ba a auna shi da kafaɗa ko fuska. Shi ya sa jadawalin yake da kalmomi uku. Fuskanta, idan ƙafa da jiki sun kalli wuri ɗaya kina tafiya gaba. Ba da baya, idan kin juya wa wurin baya. Sai nuni, idan yatsun ƙafa sun riga sun kalli wurin amma jiki bai iso ba tukuna.

Bari mu bi juyin daman wals, wanda littafinki yake kira nacural, taku shida, a ƙafar namiji. Yana farawa yana fuskantar bango a karkace, arewa maso gabas. Taku na 1, ƙafar dama gaba, jiki ya fara karkatowa dama. Taku na 2, ƙafar hagu gefe, ya juya rubu'i. Taku na 3, ya haɗe ƙafa, ya ƙara tumuni ɗaya, yanzu ya ba layin rawa baya, yana kallon kudu. Ga uku bisa takwas ɗin da kika karanta. Taku na 4, ƙafar hagu baya. Taku na 5, ƙafar dama gefe, amma a nan ba a raba juyin biyu ba: ƙafar ta ɗauki tumuni ukun gaba ɗaya, ta nuna arewa maso yamma, jiki yana biye a baya. Taku na 6, ya haɗe, jiki ya ƙarasa. Jimilla tumuni shida, ya ƙare yana fuskantar tsakiya a karkace.

Ke kuma akasin haka kike yi. A ukun farko ke ce mai komawa baya, don haka ƙafarki ta dama ce take ɗaukar tumuni uku a tashi ɗaya tsakanin taku na 1 da na 2, ta nuna layin rawa. A ukun ƙarshe ke ce mai zuwa gaba, sai ki raba naki: rubu'i, sannan tumuni.

Me ya kawo wannan bambanci? Mutum biyu ne a riƙe da juna suna juyawa, dole ɗaya ya zama a cikin juyin, ɗaya a wajensa, kamar tayar mota ta ciki da ta waje a kwana. Mai zuwa gaba shi ne na waje, hanyarsa ta fi tsawo, sai ya wuce abokinsa tukuna kafin ya ƙarasa juyawa. Mai komawa baya shi ne na ciki, aikinsa ya buɗe ƙofa: ya ajiye ƙafa inda za a ƙare, ya rage faɗin takunsa, ya riƙe jikinsa har na wajen ya wuce. Wannan ita ce tambayar da ta kayar da ni a gwajin koyarwa na farko da na yi. Mai gwajin, wata dattijuwa da ba ta ɗaga kai daga takardarta ba, ta ce in faɗi juyin namiji tsakanin taku na 4 da na 5. Na ce rubu'i, da ƙarfin gwiwata. Sai ta ajiye biro ta ce in yi mata shi a hankali. Ina yi na ga ƙafata da kanta ta ajiye tumuni uku. Shekara biyu ƙafar tana yin daidai, bakin bai sani ba.

To ga gardamarku. Ban ga rawarku ba, don haka ba zan yanke hukunci ba, amma abin da na fi gani shi ne wannan: a taku na 5 namiji, wanda shi ne na ciki a lokacin, yana buɗa ƙafa da faɗi kuma ya fizgo kafaɗunsa gaba ɗaya, sai ya bar matar a baya. Ita kuma a taku na 4, maimakon ta shiga da ƙafar dama sosai tsakanin ƙafafunsa, sai ta ɗan taka a tsorace kada ta take shi. Shi yana jin ba ta juya ba, ita tana jin ya zarce, kuma kowannensu gaskiyar abin da ya ji ya faɗa. Ku gwada ya rage taku na 5 da kusan rabi, ke kuma ki shiga na 4 kamar mai tsallake ƙaramin kwata.

Inda lissafin yake canzawa

Yanzu ga asalin tambayarki. Kowane salo yana da ƙa'idar juyinsa, amma abin da ya fi ƙa'idar nauyi shi ne inda salo na gaba yake buƙatar a fara shi. Salon da ke juyawa dama yawanci daga karkatar bango yake tashi, mai juyawa hagu kuma daga karkatar tsakiya. Shi ya sa jerin farko da ake koya wa kowa yake tafiya kamar saƙar zigzag: juyin dama ya kai ki karkatar tsakiya, taku uku na canjin ƙafa, juyin hagu ya dawo da ke karkatar bango, wani canjin ƙafa, sai a sake. Taku 18 ke nan, gaɓa shida ta kiɗa, kuma duk a gefe ɗaya na zaure. Falon gidan haya ba zai ɗauke su ba. Nan kabad ya shigo labarin.

A kusurwa abu biyu ne suke iya faruwa. Na farko, juyin bai canza ba, suna ne ya canza. Ki koma misalinmu: namiji ya ƙare yana kallon arewa maso yamma. Idan a lokacin kun iso kusurwa, sabon layin rawa yamma ne, sabon bango kuma arewa. Wannan arewa maso yamman da ɗazu ake kira karkatar tsakiya, yanzu ta zama karkatar bango, kuma ƙafarsa ta dama ce a sake. Ma'ana zai iya shiga wani juyin daman kai tsaye, ba canjin ƙafa. Tumuni shida zuwa dama daidai yake da rubu'i zuwa hagu, kusurwa kuma rubu'i zuwa hagu take nema. Saboda haka juyin dama huɗu a jere, taku 24, zai zagaya da ku ƙaramin ɗaki ya dawo da ku kusan inda kuka tashi. Ku dai fara nesa da bango kaɗan, don kowane juyi yana jan ku wajensa. Juyin hagu ba shi da wannan sa'ar, tumuni shidansa yana ƙarewa ne a rubu'i zuwa dama, ya saɓa wa kusurwar, shi ya sa ake ajiye shi sai an samu dogon gefe.

Na biyu, a rage juyin da gangan. Idan a wannan kusurwar kuna so ku shiga juyin hagu a sabon gefen, sai namiji ya juya tumuni ɗaya kawai a taku na 4 zuwa 6 maimakon uku. Zai ƙare yana kallon kudu maso yamma, wadda ita ce karkatar tsakiya ta sabon layi. Canjin ƙafa, sai juyin hagu. Wanda ya kalli bidiyon wannan ba tare da ya lura da inda bango yake ba zai ce malamin ya kasa kai juyi.

Salon da ya fi nuna wannan a fili shi ne wanda nake kira juyin katantanwa, Turawa suna ce masa sifin. Ana yin ukun farko na juyin dama, sannan namiji ya koma baya da ƙafar hagu ya murza a kanta rabin da'ira, ya shiga gaba da dama, ya ƙara tumuni uku. Tumuni bakwai ke nan a taku ukun ƙarshe, ya ƙare ya ba tsakiya baya a karkace. Wannan a gefen zaure. A kusurwa ana rage shi zuwa tumuni biyar, uku a murzawar, biyu bayanta, kuma abin sha'awa, sunan inda aka ƙare bai canza ba: ya ba tsakiya baya a karkace, amma ta sabon layi. Gwanaye kuma suna zarce shi har da'ira cikakkiya, su ƙare sun ba layin rawa baya, don salon da za su ɗora a kai daga nan yake tashi. Salo ɗaya, awo uku, kowanne yana cikin littattafai. Har abin da ke biyo bayansa ma yana canzawa: idan aka rufe shi da ukun ƙarshe na juyin hagu, rubu'i kawai ake juyawa a kai karkatar bango, ba tumuni ukun da aka saba ba, don an tashi daga wani wuri dabam.

Akwai kuma cunkoso. Na taɓa zama a saman bene a zauren Empress na garin Blackpool a Ingila, inda ake gasar rawa da ta faro tun 1920, ina kallon zagayen farko, lokacin da filin yake cike maƙil. Daga sama kina ganin namiji ya shigo da niyyar cikakken juyi, ya hango wasu sun tare gabansa, sai ya rage tumuni ɗaya ya bi ta gefensu, matar ko gezau, kamar da ma haka aka shirya. Wannan ƙwarewa ce da alƙalai suke dubawa.

Sai abu na ƙarshe game da bidiyonki, wanda ya kamata ki bincika tun yau. Wals iri biyu ake koyarwa a intanet. Akwai tsarin Ingila, wanda ya zama na duniya, shi ne na littafin da aka kawo miki daga Landan. Akwai kuma tsarin Amurka, inda mai koyo yake farawa da taku mai siffar akwati yana juya rubu'i a kowace gaɓa, gaɓa huɗu su cika da'ira. Idan malaminki yana yawan sakin hannun abokiyar rawarsa su rabu su sake haɗuwa, na Amurka yake koyarwa, don a tsarin Ingila ba a sakin riƙo. In haka ne, littafinki da bidiyonki ba makaranta ɗaya suka yi ba, sai ki zaɓi ɗaya. Ni tsarin Ingila na koya, a kansa nake magana. Ko a cikinsa ma, littattafan ƙungiyoyin rawa na ISTD da IDTA da WDSF sukan ɗan saɓa a bayanin wasu salo, amma a waɗannan na farko da kuke kai bakinsu ɗaya.

Sauran raye-rayen tsarin Ingila a taƙaice: ma'aunin ɗaya ne, yawan ne yake bin saurin kiɗa da halin rawar. Wals ɗinku gaɓa 28 zuwa 30 ne a minti. Wals ɗin Viyana ninkinsa ne, 58 zuwa 60, kuma a can juyin dama da'ira cikakkiya ne a taku shida, ba zigzag, ana bin layi ana murzawa. A fokstirot mace takan ɗauki tumuni ukunta a kan dunduniya, ƙafafu a haɗe. Tango kuma ita ce take koya wa mutum cewa inda ake tafiya dabam, inda ƙafa ta nuna dabam: namiji yana iya tafiya a kan layin rawa yatsunsa na nuna bango a karkace.

Abin da zan sa ku yi a falo

Ra'ayina, kuma na san wasu malamai sun fi ni sassauci a nan, shi ne kada mai wata huɗu ya fara wasa da rage juyi kafin ya iya na ƙa'ida. Ragin da aka zaɓa dabam yake da ragin da ya faru don an kasa, ko da a ido sun yi kama. Hanyar gane bambancin mai sauƙi ce: kafin ku tashi, maigida ya faɗi da baki inda zai ƙare, "taga", ko "ƙofar kicin". In an ƙare a can, an iya. In sai bayan an tsaya ake neman sunan wurin, da saura.

Ki samu salatif ɗin takarda irin na masu fenti, ki manna tauraro mai reshe takwas a ƙasa, huɗu a kan layin tayil, huɗu a karkace. Kowannenku ya yi takunsa shi kaɗai, ba kiɗa, yana tsayawa a kowane taku ya duba yatsunsa. A ajina nakan sa ɗaliba ta riƙe tiren shayi da hannu biyu a gaban ƙirjinta lokacin da take yin ɓangaren na ciki. Ƙafa ta nuna tumuni uku, tiren kuma ya tsaya wajen biyu, sai a takun haɗewa ya iso. Da tiren ya riga ƙafa, kowa a ɗakin yana gani, ba sai na yi magana ba. Bayan mako guda a haka sai ku riƙe juna, ku yi juyin dama huɗun nan na zagaye ɗaki. In jiri ya ɗebe ku, ku tsaya bayan biyu. Idan ya zauna, sai ku kawo ragin tumuni ɗayan a kusurwar da ke buɗewa zuwa gefen falon da ya fi tsawo, ku sa juyin hagu a can.

Ki duba abin da kuke takawa. Gidajenmu na nan yawanci ko kafet ne mai kauri ko tayil mai santsi. A kan kafet ƙafa ba ta murzawa, tumunin da na waje yake ƙarawa tsakanin taku na 2 da na 3 sai ya maƙale, gwiwa ce take biyan bashin, ke da kike aikin asibiti kin fi ni sanin abin da murɗa gwiwa a kan ƙafar da ta kafe yake jawowa. Ku naɗe kafet ɗin. A kan tayil kuma safa zalla tana zarcewa da mutum fiye da inda ya nufa. Takalmin rawa na gaske ƙasansa fata ce mai ɗan gashi-gashi, tana murzawa kuma tana riƙewa. In babu shi, takalmi mara tudu mai ƙasan fata ya fi na roba.

Rubutu ba zai nuna mini ko riƙonku ne yake karkacewa ba, kuma sau da yawa juyin da ya ƙi kaiwa daga nan yake lalacewa: mace ta zame zuwa tsakiyar ƙirjin namiji maimakon ta zauna a ɓangarensa na dama, sai ƙafafu su rasa hanyar wucewa. Ki jingina waya a kan kabad ɗin nan, tunda daga sama aka fi ganin layi, ku ɗauki juyin dama huɗun, sannan ku kalla tare ku tsayar da hoton a taku na 2 da na 5. Ku duba ƙafar wanda yake komawa baya a kowanne, ku ga ko ta nuna inda ya ce za ta nuna.